Furfura a Gaban Kyamara: Muhawara a Zauren Ma'aikatan Talabijin

Sanusi (sashen talla): Jama'a, zan faɗi wata magana, na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Talabijin sana'ar ido ce. Duk tashar da ta sauke mai karanta labarai don masu kallo sun gaji da fuskar, ba zalunci ta yi ba, kasuwa ta bi. Wanda ba ya so a duba shi, ga rediyo nan. Mu da muke yawo ofis-ofis muna neman talla, mu muka san abin da ake tambayarmu.

Zainab: Yaya Sanusi, lissafo mana maza uku da aka sauke saboda tumbi ko sanƙo, sai mu ci gaba da magana.

Sanusi: Ana sallamar maza kullum. Ba sa kai ƙara ne kawai.

Barista Halima: Ana sallamarsu, amma a kan me? Bari in ba ku shari'ar da aka fi sani a kan wannan batu. A 1981 tashar KMBC da ke birnin Kansas a Amurka, mallakar kamfanin Metromedia a lokacin, ta ɗauko Christine Craft daga wata ƙaramar tasha a Kalifoniya. Tun kafin ta karɓi aikin ta gaya musu ba ta so a sauya mata kama, domin a baya da ta yi aiki da CBS an rina mata gashi, abin bai yi mata daɗi ba. Suka ce iya aikinki muka gani. Tana zuwa aka haɗa ta da masu kwalliya, har jadawali aka yi mata na kayan da za ta sa kowace rana. Bayan wata takwas aka ɗaga ta daga kujerar karanta labarai, aka ce ta koma ɗauko rahoto. Ita ta ce daraktan labarai ya gaya mata wai masu kallo na ganin ta tsufa, ba ta da kyau, kuma ba ta rusuna wa maza. Shekarunta 36 a lokacin. Shi daraktan ya musanta cewa ya furta haka.

Sanusi: To Barista, ai kin faɗa da bakinki. Masu kallo ne suka ce. Bincike aka yi, ba son rai ba.

Barista Halima: Binciken ma an saurari kaset ɗinsa a kotu. Mutumin da aka ɗauko ya ji ra'ayin masu kallo, shi da kansa yake zuga su su caccake ta. Wannan ba tambaya ba ce, sa wa mutane magana a baki ne. Kuma a watannin da take kan kujerar ne labaran tashar suka hau na ɗaya a birnin. Idan kasuwa ce kamar yadda ka ce, ai kasuwar tana ci.

Sanusi: Ƙarasa labarin mana. Wa kotu ta ba gaskiya a ƙarshe?

Barista Halima: Tashar. Ba zan ɓoye ba. A 1983 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ce a biya ta dala 500,000 saboda an yaudare ta wajen ɗaukar aiki. Alƙali ya soke. Aka sake zama a garin Joplin a 1984, wasu mutanen daban suka ce a ba ta dala 325,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan ma a 1985, tana cewa tashar na kula da shigar maza da mata duka. A 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, Sandra Day O'Connor, mace ɗaya tilo a kotun a lokacin, ita ce ta so a saurara. Ko sisi Craft ba ta samu ba. Amma ka lura da abu ɗaya, Malam Sanusi. Su waɗancan masu taimaka wa alƙalin su wane ne? Mutanen gari ne, masu kunna talabijin da magariba, waɗanda kake cewa don su aka kore ta. Sau biyu ana tara su, sau biyu suna tsaya mata. Manyan alƙalai ne suka juya hukuncin. Ga kuma dokar hana wariya saboda shekaru ta 1967, daga ɗan shekara 40 take farawa. An ce mata ta tsufa, doka kuma ta ce ba ta isa kukan tsufa ba.

Auwalu mai kyamara: Ni dai bari in faɗi abin da nake gani ta cikin gilashi. Akwai gaskiya kaɗan a maganar Oga Sanusi. Tun da aka koma kyamarori masu fitar da hoto tar, babu abin da ke ɓuya. Fitila uku na dukan fuskar mutum, ga zafin sutudiyo idan an kashe na'urar sanyi don kar ƙararta ta shiga makirfo, kafin a gama kanun labarai goshi ya fara ƙyalli. Namiji ma sai an shafa masa hoda. Amma fa shi minti biyu ne, a goge masa gumi, a daidaita hula, shi ke nan. Mace tun awa guda kafin lokaci tana gaban madubi, a ɗaura ɗankwali a kwance a sake ɗaurawa, sannan wani ya leƙo daga ɗakin sarrafa hoto ya ce kalar atamfar na rawa a allo, a canza. Takardar labaran kuwa a tsaye za ta duba ta. In ta yi tuntuɓe a sunan wani gari, a ce ba ta shirya ba.

Barista Halima: Wannan zancen kyamarar ma ya je kotu a Ingila. Miriam O'Reilly ta BBC, mai gabatar da shirin karkara na Countryfile, ta ce an gargaɗe ta ta yi hattara da tamojin fuskarta idan sababbin kyamarori suka zo. Da aka mayar da shirin zuwa lokacin da aka fi kallo a 2009, aka ajiye ta, abokin aikinta John Craven da ya girme ta nesa ba kusa ba ya ci gaba da fitowa. A 2011 ta yi nasara a kan wariyar shekaru, BBC ta nemi afuwa. Zargin wariyar jinsi ne kotun ba ta karɓa ba.

Sanusi: Kin ji ko. Kotu biyu ke nan suna cewa ba maganar mace ba ce.

Mamman Sani (Maraɗi): Salamu alaikum 'yan zaure. Malam Sanusi, to ta CTV fa? Wadda aka sallama saboda furfura.

Auwalu mai kyamara: CTV ta Kano? Ai tuni ta zama ARTV, yaushe aka yi haka ban ji ba?

Mamman Sani (Maraɗi): A'a, ta Kanada. Lisa LaFlamme. Shekara 35 tana tare da su, lokacin korona ta daina rina gashinta ya fito fari fat. A watan Agustan 2022 ta fito ta ce an katse kwantiraginta, tana da shekara 58, a shekarar da ta karɓi lambar yabo ta gwarzuwar mai karanta labarai ta ƙasar. Jaridar Globe and Mail ta ruwaito cewa wani babban jami'i ya taɓa tambaya wa ya ba da izini a bar gashinta ya yi fari. Lloyd Robertson da ta gada, sai da ya kai 77 a kujerar ya sauka don kansa.

Sanusi: Kamfanin Bell Media, mai tashar, ya ce shawara ce ta kasuwanci, ya ce gashi da shekaru ba su shiga ciki ba. Ku kuna da shaidar da ta wuce jita-jitar jarida?

Hajiya Binta: Sanusi, ɗana, babu wanda zai taɓa rubuta maka wannan a takarda. Na karanta labarai a tashar gwamnati tun kana makarantar firamare. Mu ba a korarmu, ma'aikatan gwamnati ne, sai ka cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Amma akwai abin da ake yi. Ranar Litinin za ki zo ki duba allon da ake manna jadawalin masu karatu, ki bi da yatsa daga sama har ƙasa, babu sunanki. Ki tambaya, a ce Hajiya ai girma ya zo, an ɗaga ki zuwa tace labarai, ki riƙa koya wa yara. Har da murmushi ake faɗa miki. Abokan karatuna maza da muka shiga aiki tare, suna nan a allo har ranar walimar ritayarsu, furfura ta cika gemu, ana cewa ta ƙara musu kwarjini. Ku tuna shekarun da Cyril Stober ya yi yana karanta labaran ƙarfe tara a NTA da hularsa da tabarau. Ya cancanta, ba na ja. Ina tambaya ne me ya sa abin da yake kwarjini a fuskar namiji yake zama dalilin ɗaga mace zuwa ofishin baya.

Sanusi: Allah ya ƙara girma, Hajiya, ba zan yi jayayya da ke ba. Amma a daina ɗora wa maza komai. A Masar a 2016 gidan talabijin na gwamnati ya dakatar da mata takwas, aka ba su wata guda su rage ƙiba. Wa ke shugabantar hukumar a lokacin? Safaa Hegazy, mace, kuma tsohuwar mai karanta labarai. Ita ma ta san abin da allo ke so.

Hajiya Binta: Ta san abin da aka yi mata, ta juya ta yi wa na bayanta. Mazan tashar nawa aka ɗora a sikeli?

Malam Nasiru: Tunda ka kai mu Masar, Sanusi, mu tsaya a can. Shekara da shekaru gidan talabijin ɗin nan bai bar mace mai lulluɓi ta karanta labarai ba, sai dai ta yi aiki a bayan kyamara. Sai a watan Satumban 2012 Fatma Nabil ta fito da ɗankwalinta, abin ya zama labari a duniya, a ƙasar da akasarin matanta ke rufe kai. Su ma waɗancan shugabannin cewa suke sun san siffar da ta dace da allo. Idan ka yarda mai tasha ya ajiye mace don furfura, da wane baki za ka hana shi ajiye ƙanwarka don hijabi?

Sanusi: Wannan siyasa ce, Malam, ba kasuwa ba. Kada a haɗa.

Malam Nasiru: Ita wadda aka ajiye, duk ɗaya ne a wurinta.

Zainab: Ni abin da ya fi ci min rai ba tsufa ba ne, don ban kai can ba. Na je gwaji a wata tasha mai zaman kanta, na karanta Hausa na karanta Turanci, wanda ke kula da gwajin ya ce muryata ta fi ta kowa. Da zan fita wata ma'aikaciya ta ja ni gefe, ta ce ƙanwata, ki ɗan nemi mai ki goge fatar nan, fitilunmu ba sa son baƙi. Wallahi har sunan man ta rubuta min a bayan takardar labaran. Ba a kira ni ba. A Amurka ma an yi wa Rhonda Lee, baƙar fata mai hasashen yanayi a tashar KTBS ta jihar Luwiziyana. A 2012 wani ya rubuta a shafin tashar na Facebook cewa ta sa gashin kanti ko ta bar nata ya yi tsawo. Ta ba shi amsa cikin ladabi, ta ce gashinta ne na gado kuma tana alfahari da shi. Ita aka kora.

Sanusi: An kore ta ne don ta karya dokar tashar ta hana ma'aikata mayar wa masu kallo martani. Tashar ta ce akwai namiji farar fata da aka kora kan wannan dokar.

Auwalu mai kyamara: Zainab, wadda ta ce miki fitila ba ta son baƙi ƙarya take yi. Mai saita fitilar ne bai iya aikinsa ba, ko yana ƙyuya. A ba ni minti biyar da farar takarda in daidaita kyamara, ki ga yadda za ki fito.

Barista Halima: Kullum akwai wata doka da za a nuna, Malam Sanusi, shi ya sa shari'ar ke da wuya. Ko an kai ƙara, kujerar ba ta dawowa. Mata biyar na tashar NY1 a birnin New York, masu shekaru 40 zuwa 61, ciki har da Roma Torre da ke tashar tun kafuwarta, sun kai kamfanin Charter, mai tashar, ƙara a 2019, suna cewa ana rage musu lokacin fitowa ana ba yara. A ƙarshen 2020 aka sasanta, kuma cikin sulhun duka biyar ɗin suka bar tashar. Yanzu ni tambayata gare ka ɗaya ce. Can suna da kamfanonin da ke ƙirga masu kallo. Ku a tasharku da me kuke aunawa har kuka san masu kallo sun gaji da wata?

Sanusi: Ba mu da na'urar ƙirga kowa. Wanda ya ɗauki nauyin shiri shi ke magana. Alhaji zai ce ga kuɗin wata uku, amma yarinyar nan ta ranar Laraba nake so ta gabatar. In ce masa a'a? Albashin Auwalu da man janareta daga aljihunsa za su fito.

Malam Nasiru: Ashe dai masu kallon nan da ake ta faɗa mutum ɗaya ne.

Sanusi: Mutum ɗaya mai biya. Ku kawo wani mai biyan, in sa muku Hajiya Binta ta karanta labaran ƙarfe bakwai gobe.

Hajiya Binta: Ka makara, idona ba ya ganin rubutun allon nan yanzu. Waɗanda ke ciki za ka tsaya wa.

Barista Halima: Zainab, inda kike aiki yanzu, turo min takardar ɗaukar aikinki ta akwatina. Ina so in ga abin da ta ce game da sauke mutum daga shiri, da ko akwai wa'adin sanarwa.

Zainab: Anti, wace takarda? Tun da na fara ba a ba ni komai ba. Da baki aka ce in zo ranar Litinin.

Sanusi: Ni ma da nake kawo musu kuɗin ba ni da ita.