Hula muka zaɓa ko manufa?

Baban Walida: Jama'a, ku bar ni in fitar da abin da ke cina. Yau da asuba na shiga gidan mai da adaidaita sahuna, na miƙa dubu biyar, ban gama gyara zama ba yaron famfo ya zare bututu. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Ranar rantsuwa Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo ta haura 500. Kuma mutumin nan bai ɓoye mana ba. Shi da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa tun lokacin kamfe cewa za su cire tallafi. Waye cikinmu ya tambaye su me suka tanadar wa talaka bayan cirewar? Hula muka zaɓa, da babbar riga da waƙar kamfe.

Ɗan Gwale: Wace hular kake nufi, Malam? Fito fili.

Baban Walida: Ban ware kowa ba, ɗan'uwa. Ado nake nufi.

Ɗan Gwale: A Kano in an ce hula kowa ya san inda aka dosa. Jar hula ba ado ba ce, aƙida ce. Jagora Kwankwaso ya tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasashen waje, ya kafa jami'ar Northwest a 2012, ga gadar Ƙofar Nassarawa kana hawa kullum da babur ɗinka. Ƙuri'a kusan miliyan ɗaya Kano ta ba shi a 2023. Duk hula suka bi?

Maman Sadiq: To a sauran jihohi 35 da Abuja nawa ya samu? Duka-duka bai kai miliyan ɗaya da rabi ba har da na Kanon.

Ɗan Gwale: Hajiya, ku da kuka yi ta "Sai Baba Buhari" tun 2003 ba ku da bakin magana. Wa ya rufe boda a 2019 shinkafa ta gagari mutane?

Maman Sadiq: Kul! Bawan Allahn nan ya riga mu gidan gaskiya, ka bar shi ya kwanta. Ni don amanarsa na zaɓe shi, kuma ko gobe ba na nadama. Takarda kowa zai iya sa a rubuta masa, hali ba a aro.

Malam Tsoho: Yara, jar hular ma ta Malam Aminu Kano ce tun zamanin PRP. Na gan shi da idona, farar riga ba aiki, ba mota goma a bayansa. Wasu hular kawai suka ɗauka.

Ɗan Gwale: Baba, da girmanka, amma wa ya fi Kwankwasiyya riƙe gadon Malam?

Malam Tsoho: Kana ina a 1983 da muka kai shi makwanci?

Na Funtua: Ku Kanawa komai sai kun mayar da shi naku. Shugaban ƙasa ake magana.

Ɗan Gwale: Bakatsine ya yi shekara takwas a Villa, me Funtua ta samu?

Baban Walida: Don Allah ku dawo kan maganar mai. Balas ɗin mai babur ko rabi ban haɗa ba yau, ga Walida an koro ta kuɗin makaranta.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawan 'yan'uwa sun yarda cewa a duba aikin da mutum ya yi a jiharsa, kuma a nan babu wanda ya iya musa hujjojin Ɗan Gwale. Baban Walida ya janye kalmar hula ya ba da haƙuri. An rufe.

Maman Sadiq: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, sai kai na biyu.

Baban Walida: Ban janye komai ba, ranka ya daɗe.