Waɗanda suka taka gadojin Venezia, ina neman shawararku kafin in kai Hajiya

Ɗan Zazzau a Padova:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata za ta zo min ziyara a watan Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma tun daga gida ta ƙwallafa rai sai ta ga garin nan da aka gina a kan ruwa. Daga Padova zuwa Venezia kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa, don haka nisa ba ya damuna. Gwiwoyinta ne ke damuna. Ta haura shekara 65, matakala tana ba ta wahala, ni kuwa zuwana ɗaya na lura kowace gada a can hawa ce da sauka. Wanda ya taɓa zuwa, musamman da tsoho ko da yara, ya taimaka ya faɗa min yadda ya yi.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Mu mun je a 2024 da keken tura yara, kuma har yau ina tuna ciwon kafaɗar da maigida ya kwana da shi. Gadojin garin sun haura 400, mota ba ta wuce Piazzale Roma, wato tashar motocin da ke bakin garin, daga nan sai ƙafa ko ruwa. A ɗaga keke a hau, a ɗaga a sauka, ba ka yi taku ɗari ba ga wata gadar. Kafin azahar mun galabaita.

Abin da ya cece mu jirgin ruwan haya ne, wanda suke kira vaporetto, mai lamba 1. Ku shige shi daga Piazzale Roma, ya bi babbar mashigar ruwan garin tun daga farkonta, ya ratsa ƙarƙashin manyan gadoji huɗun duka: Costituzione, Scalzi, Rialto da Accademia. Hajiya tana zaune za ta gan su. A lokacin tikitin shiga ɗaya yuro 9.50 ne, na yini guda yuro 25. Na yinin za ka saya, don duk inda ta gaji ku koma jirgi.

Injiniya Bakano:
Shawarar Maman 'Yan Biyu ta yi, amma ina roƙon kada a hana Hajiya hawa Rialto. Ko guda ɗaya za ta hau, to ta zama ita.

Ni aikina gini ne, kuma na fi awa ɗaya a tsaye a wurin. Da can gadar katako ce. A 1444 ta rufta da jama'ar da suka taru a kanta suna kallon jerin jiragen ruwa, ta sake faɗuwa a 1524. Sai a 1588 aka fara ta dutse bisa zanen Antonio da Ponte, aka gama a 1591. Baka ɗaya tak, babu ginshiƙi a tsakiyar ruwa, ga shaguna layi biyu a kanta. Abin da ya fi ɗaure min kai, ƙasan wurin laka ce tsantsa. Dubban turakun katako aka kafa a cikin lakar aka ɗora dutsen a kai, kuma da yake iska ba ta kai wa katakon a can ƙasa, bai ruɓe ba. Sama da shekara 400 ke nan tana tsaye, na taɓa dutsen bakinta na ji ya yi sumul saboda hannayen mutane.

Matakalanta masu faɗi ne, ba su da tsayi sosai. Hanyoyi uku ne a kanta, ta tsakiya tsakanin shaguna da biyu a gefe. Ku bi ta gefe, akwai abin dafawa. Ku je da sassafe, kafin ƙarfe tara. Da rana kam ko wurin sa ƙafa babu.

Hajiya Damagaram:
Ɗana, ni sa'ar mahaifiyarka ce, kuma na je da ƙafafuna, ɗiyata ta kai ni. Malam Injiniya ya yi gaskiya, na hau Rialto a hankali, ina hutawa, ban ji komai ba sai washegari.

Amma wadda ta tsaya min a rai ƙarama ce, fara, rufaffiya, mai 'yan tagogi na sassaƙen dutse. Ponte dei Sospiri, wato gadar ajiyar zuciya. Ita ta haɗa fadar sarkin garin na da, wanda suke ce wa Doge, da gidan kurkuku. Mutane na tsayawa a wata gada ta bakin ruwa suna ɗaukar hotonta suna dariya. Mu mun biya mun shiga fadar, muka bi ta cikinta. Hanyar ƙunci gare ta. Na leƙa ta ramukan tagar na hango ruwa da haske da wani tsibiri can nesa, sai ɗiyata ta ce min ta nan ake wucewa da waɗanda aka yanke wa hukunci. Wallahi sai da na yi hawaye. Na tuna duk wani bawan Allah da ke tsare, na yi masa addu'a a wurin.

Sai dai cikin fadar akwai matakala da yawa. In gwiwar ta matsa, ku tsaya daga waje, ana ganinta sarai.

Mazaunin Mestre:
Yaya, tunda Nuwamba ka ce, bari in ja kunnenka. Lokacin tumbatsar teku ne, acqua alta. Ina nan daren 12 ga Nuwamba 2019 da tashin teku ya kai santimita 187 a ma'auni, wanda ba a ga irinsa ba tun 1966. Kwanaki bayan nan na shiga gari na ga masu shaguna suna fitar da kayansu jiƙe sharkaf, abin tausayi. Tun Oktoban 2020 aka fara ɗaga shingayen tare ruwa da ake kira MOSE a bakin teku, an samu sauƙi ƙwarai, amma dandalin San Marco, kusa da fadar nan, ya fi ko'ina gangare, yakan ɗan jiƙe. Ka duba hasashen ruwa da daddare kafin ku fito. A samo wa Hajiya takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Gadar Costituzione, sabuwar da aka buɗe a 2008, ku kalle ta daga jirgi kawai in ana yayyafi, an daɗe ana kuka da santsinta.

Abu na biyu, kuma wannan ya dame ni. Mutanen da ke zaune a tsohon garin yanzu ba su kai 50,000 ba, gadojin nan su ne titinsu. A kansu tsohuwa ke jan kwandon cefane, a kansu lebura ke tura amalanken kaya. Ku riƙe hannun dama, kada ku tare tsakiya don hoto, kada a zauna kan matakala ana cin abinci, ana cin tara a kan hakan. In Hajiya na son hutawa, ku sauka zuwa fili ku nemi benci ko shagon shayi.

Maganar sallah, ku fito da alwala da darduma. Masallatai suna wannan gefen namu na kan tudu, Mestre da Marghera.

Maman 'Yan Biyu:
Na manta. Kuɗin shiga gari yuro 5 da aka fara karɓa a 2024, wasu ranaku ne tsakanin Afrilu da Yuli aka sa shi, a Nuwamba ba mu ji ana karɓa ba.

Ɗan Zazzau a Padova:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Damagaram, na karanta wa Mama saƙonki ta waya, ta yi shiru, sannan ta ce ita ma sai ta shiga ta leƙa tagar nan ko da rarrafe ne. Ga yadda na tsara: jirgin ƙasa na safe, vaporetto zuwa Rialto ta hau kafin cunkoso, mu koma jirgi zuwa San Marco, mu ci abinci ta huta, sannan fadar. Saura abu ɗaya, Malam na Mestre. In hasashe ya nuna ruwa zai tashi a ranar, jiragen suna ci gaba da aiki kuwa, ko gara mu ɗaga tafiyar zuwa wata rana?