Batura sun iso da aibi daga China, ga sauran bashi a wuya: a riƙe kuɗin ko a biya?

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum. Masana, ku warware mana wannan. Ɗan kasuwa a nan Sakkwato ya yi odar baturan sola masu 200Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) daga Guangzhou ta China, kwantena guda. Ya ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran sai kaya sun iso. An sauke su Apapa, tirela ta kawo su gida, sai ga shi ba su riƙe caji. Kamfanin ya ce hanya da zafin garinmu ne suka kashe su, a cika mashi kuɗinsa. A riƙe kuɗin? Kuma wace kotu za a nufa?

Mai Sola na Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar kotu, a dakatar da sayarwa, a nemi sikeli. Batirin dalma mai 12V 200Ah na gaske yakan kai kilo 55 zuwa sama. In ka ga 45, an rage dalma tun a masana'anta, kuma ramin hanya ba ya cin dalma. Sannan a ɗebi kamar goma daga wurare daban-daban na lodin, a cika su da caji, a ja amfiya 10 har wuta ta sauka 10.5V. Ya kamata su kai awa 20. Wanda ya faɗi a awa 12, 120Ah ne aka yi wa kwalin 200. A ɗauki bidiyo da lambar kowane batir tana fitowa sarai. Amma gwajin shago ba ya wadatarwa: a kira kamfanin duba kaya irin SGS ko Bureau Veritas ya rubuta rahoto.

Barista:
Malam ya kama bakin zaren. In cinikin FOB ne (mai saye ke biyan kuɗin jirgi) ko CIF (kuɗin jirgi da inshora suna cikin farashi), hasarar hanya ta koma kan mai saye tun da aka loda kaya a jirgi, wannan maganar inshora ce. Aibin ƙira kuwa na mai sayarwa ne. Shi ya sa yake jingina laifin ga zafi.

A aika mashi sanarwar aibi a rubuce yau, ta imel, da adadi da hotuna, ba saƙon murya na WhatsApp ba. A dokar China, wanda ya yi shiru har lokacin duba kaya da aka rubuta ya wuce, ana ɗauka ya karɓa. Ko a fiƙihunmu, wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya, ya yarda ke nan.

Sai a duba takardar ciniki, ko bayan farofoma, wato takardar farashin da mai sayarwa ya aiko kafin a biya, a ga inda aka ce za a warware saɓani. Babbar Kotun Jiha tana iya sauraron ƙarar, bayan ta ba da izinin kai sammaci waje, amma dukiyar mai sayarwa tana China, kuma aiwatar da hukuncin kotun Najeriya can abu ne mai wuya ƙwarai. Hukuncin masu sasanci ya fi tafiya, don Najeriya da China duk suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ƙasashe su aiwatar da hukuncin sasanci da aka yanke a wata ƙasa. In an rubuta CIETAC, hukumar sasancin ciniki ta China, can za a je. In ba a rubuta komai ba, sai kotun garinsa, da lauyan China, da fassarar takardu. Wa'adin shigar da ƙara kan cinikin ƙasa da ƙasa a can shekara 4 ne.

Kuɗi kuma, kar a riƙe duka a yi gum. A lissafa hasara, a biya na lafiyayyun, a rubuta dalilin riƙe sauran.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Allah ya saka, Barista. To in ta hannun ɗan canji aka tura kafin alƙalamin fa?

Ejan Kiliyarin:
Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, Alhaji. In kuɗi ya shiga asusun wani mutum, ko wani kamfani a Hong Kong da sunansa bai dace da na rasit ba, masana'antar tana iya cewa ba ta ga sisi ba. A sa ta amsa a rubuce cewa ta karɓi kaza ranar kaza, da jan hatimin kamfani, domin a can hatimi ne ke ɗaure kamfani. A nemi sunanta da rubutun China da lambar rajista mai alamomi 18, sunan Turanci ba ya kai ƙara. A haɗa Form M (fom ɗin shigo da kaya), PAAR (rahoton kimanta kaya na kwastam), takardar SONCAP (shaidar ingancin kaya) da takardar lodin jirgi wuri ɗaya, a tabbata adadin da ke jikinsu bai saɓa da wanda za a nema ba.

Wani abu kuma: masu ba da kaya bashi da yawa suna da inshorar Sinosure, kamfanin gwamnatin China mai inshorar bashin kayan da aka fitar waje. In suka kai rahoto ba a biya ba, masu karɓar bashi za su biyo, kuma wasu masana'antun su daina ba ka kaya bashi. Don haka in takardarsu ta zo, a amsa nan take, a liƙa rahoton gwajin da sanarwar aibin, a nuna cewa bashin yana cikin jayayya.