Abin da makanikai suka ce game da siririn bututun iska na Fijo 504

Tattaunawar da tsofaffin makanikai suka yi a wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina ta tsaya ne kan yadda ake lanƙwasawa da gyara siririn bututun da ke haɗa kafireto (mai haɗa mai da iska) da distiributa (mai raba wuta ga fulogi) a injin Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Wannan bututu ne ke kai zuƙar iska zuwa distiributa domin a gaggauta wutar fulogi, kuma idan ya tsage ko ya toshe sai mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai.

Sun yi ittifaƙi cewa lanƙwasa shi da filaya kuskure ne, domin yakan ƙulle a gwiwa ko da daga waje bai nuna ba. Mafi yawansu sun fi son a cika shi da busasshen rairayi mai laushi, a toshe bakinsa biyu, sannan a lanƙwasa shi a hankali a jikin wani abu mai zagaye kamar soket na kwance noti. Wasu kuwa waya suke zurawa ciki. Ni dai na fi natsuwa da waya, saboda ƙwayar rairayi guda da ta maƙale tana iya shiga kafireto, shi ya sa masu rairayin ma suka nanata a hure shi sosai da iska.

Idan bututun na jan ƙarfe ne kuma ya tsufa ya yi tauri, a gasa shi har ya yi ja kafin a lanƙwasa shi. Ƙaramar tsaga ana like ta da dalma, amma robar da ke bakinsa idan ta bushe sai dai a canza sabuwa.