Wa ya taɓa matsar da tag bayan ya riga ya tura?

Abdul, Nima: Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na sha wahala kan tag na Git, wato sunan sigar da ake manna wa aiki a Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, ina son in ji ko ni kaɗai ne. Muna da ɗan laburare na Go, yaren rubuta manhaja, da muke lissafin kuɗin momo da shi, na sa masa v1.2.0 na tura da dare, da safe na ga kuskure a layi ɗaya tak, sai na ce ai babu wanda ya gani, na goge tag ɗin na gyara na sake manna v1.2.0 a sabon commit, wato sabon ajiyar gyaran. Kafin azahar wani yaro daga Kumasi ya kira ni wai kwamfutarsa ta ƙi, tana ta checksum mismatch, wato abin da ta sauke bai yi daidai da wanda aka rubuta ba. Ashe wani ya riga ya ja na farkon tun daren, sum.golang.org, rumbun tantancewa na Go, ya rubuta hash ɗinsa, wato lambar shaidarsa, kuma abin da ya rubuta ba ya goguwa. Ƙarshe v1.2.1 na fitar, na sa retract a fayil ɗin go.mod, alamar cewa na janye v1.2.0. Da tun farko haka na yi da ban ɓata wa kowa yini ba, wallahi abin ya dame ni.

Hajara, Aboabo: Wa alaikumus salam yaya Abdul, sannu. Ni nawa ma tag ɗin bai bar laftof ɗina ba. Na yi git push, aka ɗauke wuta, na rufe na tafi gida ina murna, kwana biyu abokan aiki na neman v0.4.0 a GitHub babu shi. Ban san git push kaɗai ba ya tafiya da tag ba. Na koma git push --follow-tags shi ma ya bar shi, don nawa mara bayani ne, sai wanda aka yi da git tag -a yake ɗauka, mai suna da kwanan wata da saƙo.

Malam Sani, Madina: Abdul, ko ba Go ba ne, duk wanda ya riga ya ja tsohon tag, git fetch ba zai canza masa ba sai ya tilasta. Kun ga mutum biyu suna kiran suna ɗaya, kaya daban. Mu a wurin aikinmu rigimar harafin v ce ta cinye mu, wani ya rubuta 1.9.0 wani v1.10.0, skirif ɗin da ke zaɓo na ƙarshe ya ɗauko tsoho ya ɗora a saba (server). Kowane gida da al'adarsa: Linux na sa v6.1, PostgreSQL na rubuta REL_16_0, Ubuntu kuwa 24.04 Afrilun 2024 ke nan. Muka zauna muka zaɓi v muka rubuta a README.

Hajara, Aboabo: Malam to tsoffin marasa v ɗin kun goge su?

Malam Sani, Madina: A'a 'yata, suna nan inda suke. Sabon tag mai v muka ƙara a kan commit ɗin kowannensu.