Fararen baƙaƙe? Neman sunan Hausa ga farin rubutun jikin taya

Jama'a, salamu alaikum. Yau matsalar taya na kawo muku, amma ba ta faci ba, ta suna.

Ƙanena ya ɗauki wata takwas yana tayar da tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinmu, wadda kaji suka mayar akurki a bayan gida. Ya yi inji, ya yi fenti, ya ɗinka kujeru. Da ya zo kan taya sai ya yi odar wasu haruffa na farar roba daga waje, ya lilliƙa su a gefen kowace taya, wai don motar ta fito kamar ta da. Na ɗauki hoto zan sa a nan, na zo rubuta bayani a ƙasa, sai hannuna ya tsaya. Me ake ce wa wannan abin da Hausa?

Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Duba tayar wata Hilux ko Land Cruiser ta masu shiga daji, za ka ga sunan kamfanin da manyan haruffa farare tas, sun ɗan taso daga jikin baƙar roba, har ka iya shafa su da yatsa. Amurkawa suna ce masa raised white letters, a takardun 'yan kasuwar taya kuma su taƙaita shi RWL. Kalma uku ke nan: ya taso, fari ne, harafi ne.

Gwajina na farko shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya. Harafi a Hausar gida baƙi ne, jam'insa baƙaƙe. Sai ga ni da "fararen baƙaƙe masu tudu". Na karanta da ƙarfi, matata ta leƙo daga kicin ta ce in ba ni da lafiya ne in faɗa. Fararen baƙaƙe! Na koma "fararen haruffa masu tudu". Daidai ne, ba kuskure a ciki, amma ka tsaya a gaban mai sayar da taya a Kofar Ruwa ka faɗi haka ka gani. Kafin ka kai ƙarshe ya juya wajen wani kwastoma. Wannan bayani ne, ba suna ba.

Bari in ɗan koma baya, don ba a raɗa wa yaro suna ba a ga fuskarsa ba.

Roba a asalinta ba baƙa ba ce. Tayoyin farkon ƙarni na 20 farare ne ko ruwan toka, saboda wani farin garin zinki da ake zuba wa robar don ta yi ƙwari. A wajen shekarun 1910 aka gane cewa wani baƙin gari mai kama da kunkunniya ya fi shi sa taya ta jure hanya nesa ba kusa ba. Da farko inda ke taka ƙasa kaɗai wasu ke sa wa baƙin, gefe ya zauna fari. Abin da ya fara a matsayin tsimi sai ya koma ado. A 1934 Ford ya fara ba mai saye zaɓin taya mai farin gefe, kuma zuwa shekarun 1950 babbar motar Amurka ba ta cika mota ba sai da wannan faffaɗan fari kamar an sa mata safa. Farkon shekarun 1960 farin ya tsuke ya koma siririn zobe. Wasu motocin, irin Pontiac GTO, suka sa jan zobe.

Rubutun kuwa daga filin tsere ya fito. Goodyear da Firestone, dukansu 'yan garin Akron na jihar Ohio, sun yi shekaru suna kokawa a kan tayar wa za ta ci tseren motoci na Indianapolis, kuma kowa yana so sunansa ya fito a hoto, sai ake rubuta shi da farin fenti ɓaro-ɓaro a jikin tayar. Samarin Amurka na ƙarshen shekarun 1960, masu Mustang da Camaro da Charger, suka ce su ma irin ta 'yan tsere suke so. Kamfanoni suka ba su: Polyglas GT ta Goodyear, Wide Oval ta Firestone, daga baya Radial T/A ta BFGoodrich, wadda har yau ana yin ta da farin rubutun saboda masu gyara tsofaffin motoci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake yin na kamfani, domin ba fenti ba ne. Tun wajen haɗa tayar ake shimfiɗa farar roba a gefe guda, a lulluɓe ta da baƙa siririya. A gasa ta a mazubin ƙarfe mai ɗauke da sunan, haruffa su fito da tudu, duk baƙi. Sai a kawo injin goga ya kankare kan tudun kawai, farin da ke ƙasa ya bayyana. Wato farin yana ciki tun asali, aske masa aka yi. Shi ya sa in direba ya goga irin wannan taya a bakin kwalbati sai ka ga fari ya ɓullo inda babu rubutu. Shuɗin da ke kan sabuwa kuwa kariya ce don kada ta yi dauɗa a sito, sabulu da ruwa ke fitar da shi.

To, ga abin. Ina suna?

Na dawo. Na gode, amsoshi sun fi yadda na zata, kuma wasu sun ba ni dariya.

Mutum uku sun ce "kumburarren rubutu". Wannan na ƙi shi nan take. Kumburi a jikin taya cuta ce: zaren ciki ya tsinke, iska ta turo roba, saura fashewa. Ba za mu ɗauki sunan abin da ke kashe mutane a hanyar Kaduna mu ba kwalliya ba.

Wani ya ce "tsagar taya", kamar tsagar gado a fuska, tunda ita ma tana faɗin daga gidan da aka fito. Hikimar ta yi mini, amma tsaga ciki take shiga, wannan kuwa waje yake fitowa. Kuma "taya ta tsage" ba labari ne mai daɗi ba.

"Tambari" ya yi faɗi. Kowace taya tana da tambarin kamfaninta. "Sitika" kuma rabin abin ya kama, na liƙawa, ya bar na kamfani a waje, alhali shi ne uba.

Wadda ta kusa saye ni ita ce shawarar wata baiwar Allah daga Zariya: "surfanin taya". Hajiya, Allah ya ƙara basira, na daɗe ina juya ta. Surfani a wuyan riga yana da tudu, ado ne, da hannu ake jin sa, kuma farin zare a kan baƙin yadi hoton abin ne sak. Inda ta gaza guda ɗaya ne: surfani zane ne, ba ya karantuwa. Wanda bai taɓa gani ba zai zaci aska takwas aka yi wa tayar. Amma ban yar da ita ba, na ajiye ta a aljihu, akwai ranarta.

Ana cikin haka na je gaida kawuna, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana jan tirela tsakanin Legas da Maiduguri. Na nuna masa hoton a waya, na ce Kawu, me kuke ce wa wannan a zamaninku? Ya nisanta wayar daga ido, ya ce ba su da wani suna, in sun gani cewa suke mai farin rubutu. Na ce to tudun fa, Bature ya ce sai an ambaci tudu. Ya ce kai yaro, tashi ka je ka shafa tayar mashin ɗin da ke ƙofar gida, ka dawo ka gaya mini wace taya ce rubutunta ba shi da tudu.

Na tashi na je. Gaskiyarsa. Sunan kamfani da lambar girma, dukkansu da tudu suke, domin daga mazubi suke fitowa. Ba a lura da su ne kawai saboda baƙi ne a kan baƙi. Ashe kalmar da na kwana biyu ina wahala a kanta ba ta da aiki a sunan. Farin ne bambancin.

Da na dawo na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce to ai shi ke nan, sauran tayoyi suna babbaƙu, wannan ta shiga farfaru.

Jama'a, nan na zauna.

Duk wanda ya riƙe allo ya san matakan nan. Yaro yana fara babbaƙu, haruffa tsurarsu, sannan ya wuce farfaru, inda ake sa musu wasali su fara magana. A kunnen Bahaushe "farfaru" ta riga ta haɗa abu biyu da nake nema, fari da harafi, a kalma ɗaya mai gaɓa uku. Abin da "fararen baƙaƙe" ta kasa yi ba tare da ta ci karo da kanta ba, Hausa ta daɗe da yin sa. Kuma ta zo da kishiyarta a hannu: taya mai farfaru, taya mai babbaƙu. Bature ma sai da ya ƙirƙiro wa ta biyun wasu haruffa uku, BSW, wato mai baƙin gefe, mu kuwa kyauta muka samu.

Gwada ta a baki. "Nawa ne mai farfaru?" "Juya mini farfarun ciki, ba na son surutu." (Ana yin haka, tunda gefe ɗaya ne ke da farin, wanda ba ya so sai mai faci ya juya shi ya kalli ƙarƙashin mota.) "Farfarunka sun yi ja, ka wanke." Duk ta zauna.

Wani malami ya yi mini magana ta gefe, cikin ladabi, cewa yana jin nauyin a ɗauki kalmar makarantar allo a sa wa abin da ke taka kwata. Allah gafarta Malam, na ji, kuma ban raina ba. Amsata ita ce farfaru jam'in fari ce tun kafin ta shiga tsangaya, ana cewa farfarun tufafi, farfarun tumaki. Sunan matakin koyo ne, ba sunan abin da ake karantawa ba. Mun kuma saba da irin wannan aro: allo kansa yau yana jikin kwamfuta da bakin titi, babu wanda ya ga laifi. In jama'a suka ƙi ta saboda wannan, "mai farin rubutu" ta Kawu tana nan, ba ta da aibu sai tsawo.

Saura rabe-rabe, tunda hanya uku ake samun abin.

Na kamfani, wanda aka kankare, shi ne farfarun asali. Na alƙalamin fenti, inda mutum ke bin baƙaƙen da ke jikin tayarsa yana shafa musu fari, farfarun fenti. Shi ne mai arha, shi ne kuma mai saurin tona asiri, domin gefen taya yana lanƙwasa a kowane juyi, fenti ya tsattsage. Ga kuma wani sinadari da ake sa wa baƙar roba don kada iska da rana su farfasa ta, wanda ke tsattsafowa waje a hankali. Shi ke sa tsohuwar taya ta yi ruwan ƙasa, shi ke rina fentin ya koma kalar shayi.

Na uku shi ne na ƙanena, farfarun liƙi. Nan kaɗai tudu ya cancanci ambato, don akwai na leda shafal da ake ɓamɓarewa bayan biki, akwai na roba mai kauri da ake kafawa da gam irin sufa gulu. Na biyun sai a ce liƙi mai tudu. Kuma ga darasin da ya saya da kuɗinsa: ranar farko bai wanke tayar sosai ba, man ƙyalli na wajen wankin mota yana jiki, kafin ya kai Zariya harafi biyu sun bi iska. Gam ba ya kama mai. Karo na biyu ya wanke da omo, ya bi da asiton, irin na goge jan farce, yana canza tsumma har sai da ya daina fitowa da baƙi. Ya jera haruffan da salatif ya ga tazararsu kafin ya taɓa gam, ya danne kowanne da babban yatsa, ya bar motar ta kwana. Yanzu wata na uku ba wanda ya motsa.

Roƙo biyu ga mai son yi. Kada ka sa injin goga ka cinye gefen taya don neman wuri mai santsi, nan ne robar ta fi siranta. Kada kuma ka rufe lambar lokacin ƙira, lambobi huɗun nan da ke ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Mai saye da jami'in kiyaye haɗura duk ita suke dubawa.

Wata kalmar da ta biyo baya ita ce vintage, wadda Turawa ke kiran tsohuwar mota mai daraja da ita. "Tsohon yayi" zagi ne a wurinmu, su kuwa yabo suke nufi. Ni dai "tsohuwar zuma" nake ce wa irin wannan mota, kowa ya san da ita ake magani, ba sai an yi bayani ba.

Ra'ayina a kan motar kanta, tunda ba a tambaye ni ba: farfaru ba kayan Fijo ba ne. 504 'yar Faransa ce da aka fara haɗawa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970, kuma wadda na tashi na gani a ƙofar gidanmu da babbaƙunta take, da farantin wili mai ƙyalli. Sa mata farfaru kamar ɗaura wa dattijo hular kaboyi ne. Na faɗa wa ƙanena haka, ya ce Yaya, motar ta fi shekara ashirin kaji na kwana a ciki ba ka ce komai ba.

Jiya na yi gwajin ƙarshe. Na je wajen mai facin unguwarmu ba tare da hoto ba, na ce Oga, kana samun taya mai farfaru? Ya ɗago daga bahon ruwan da yake nitsa tiyub, ya ɗan yi shiru, ya ce irin ta Hilux ɗin nan mai rubutu? Na ce ita. Ya ce sabuwa ko Balijam?