Wane suna za mu raɗa wa "inclusion" da Hausa?

1/ Jama'a, ku matso mu yi shawara. Kalmar inclusion ta cika takardun jami'o'i da tarukan ilimi, kuma kowane mai fassara a rediyo sunan da ya zo masa baki yake ba ta. Ni dai na tsaya a kan "damawa da kowa". Ga hujjata, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

2/ Mu fara da abin da kalmar ke ɗauke da shi. Tun taron da UNESCO ta yi a Salamanca ta ƙasar Sifen a 1994 aka tsayar da magana ɗaya: makaranta ce za ta gyara kanta ta karɓi ɗalibi yadda Allah ya yi shi. Ba a ce wa ɗalibi ya je ya koma kamar sauran kafin a koyar da shi. Duk kalmar da ba ta ɗora nauyin a wuyan makaranta ba, ba ita muke nema ba.

3/ Wani malami ya kawo "ilimin bai-ɗaya". Allah ya gafarta malam, wannan sunan yana da mai shi, da shi muke kiran aikin UBEC, hukumar ilimin firamare da ƙaramar sakandare ta tarayyar Najeriya, da takwarorinta SUBEB na jihohi. "Ilimi na musamman" kuma wata hanya ce daban, ta ware ɗalibi a makarantarsa, irin ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953 ko ta Tudun Maliki a Kano. Sun yi aiki, ba mai raina su, amma jami'a ba ta da ajin warewa. "Haɗaka" ta 'yan kasuwa ce da jam'iyyu.

4/ Wadda ta fi jan hankalin mutane ita ce "shigar da kowa", kuma ita na fi tsoro. Shigarwa a bakin ƙofa take ƙarewa. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban, har da Kano. Yaro ya ci, ya samu gurbi, an yi murna a gida. Sai ya iso makaranta ya tarar takardun darasi duk hoton kwafi ne, babu na Braille, rubutun makafi da ake karantawa da yatsu, babu wanda kwamfuta za ta iya karanta masa. Mai keken guragu an sa laccarsa a bene, kullum sai abokai sun cicciɓe shi kamar kaya. Kurma yana zaune a layin gaba awa biyu yana kallon bakin malami, babu tafintan maganar hannu. Dukansu an shigar da su, sunansu yana cikin rajista. Amma ku gaya mini, ana damawa da su?

5/ Kun ji yadda tambayar ta zauna a baki ba tare da an yi mata bayani ba. Bahaushe ya san zafin a ce ba a damawa da shi: yana wurin, ana ganinsa, amma ba a lissafa shi. Kuma ku dubi asalin damun. Idan aka jefa curin fura a nono aka bar shi, yana cikin ƙwarya amma bai zama abin sha ba. Sai an sa ludayi, furar ta saki, nonon ma ya sauya. Aikin mai damu ne, kuma a nan jami'a ce ke riƙe da ludayin.

6/ Wata malama ta ce kalmar tana warin siyasa, 'yan takara sun gama tsotse ta da alkawarin gwamnatin da za ta dama da kowa. Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai ni wannan ƙarfi na ɗauke shi. A siyasa, wanda ake damawa da shi yana da baki a shawara, kuma abin da ɗaliban nan suka fi rasawa ke nan. Ana zana zauren lacca, ana tsara jadawalin jarrabawa, ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

7/ Akwai kuma doka. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ke nan maganar haƙƙi muke yi, shi ya sa ban yarda mu sa "taimako" ko "jinƙai" cikin sunan ba.

8/ "Kowa" ɗin ma yana da amfani, don zancen ya wuce nakasa. Akwai matar aure mai goyo da aka sa wa lacca da magariba. Akwai mai ciwon sikila da ciwo ya kwantar ranar jarrabawa, da zabiya da ba ya ganin allo daga baya, da yaron da ya fito daga makarantar ƙauye ko tsangaya, kansa na ja amma Turanci na yi masa gardama, da wanda rikicin Boko Haram ya raba da gida da takardunsa.

9/ Abu ɗaya nake roƙo: kada mu kira gyaran da ake yi musu "rangwame". Ƙarin lokaci ga mai rubutu da Braille ba rage masa jarrabawa ba ne, tambayoyin su ne dai. "Sauƙaƙa hanya" ya fi dacewa.

10/ To ga yadda zan riƙa rubutawa: "tsarin damawa da kowa a manyan makarantu", "jami'a mai damawa da kowa". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku? Ɗaliban da abin ya shafa kuma, ku muka fi son ji, don ku za a riƙa kira da sunan.